Abin Da Na Ciro Daga Tumbi

Ni mahauci ne, ɗan mahauci,
rumfata na bakin kwalta a Shinkafi,
inda birnin Katsina ya miƙo ƙafa
yana take gonakinmu da bulo.

Wata Laraba cikin bazara,
zafi ya hana ƙadangare gyaɗa kai,
Gwaggo Tabawa ta jawo akuyarta:
“Barau, yanka ta kafin ta zama mushe.
Kwana tara ba ta tuƙa,
ga ciki kamar mai ’yan uku.”

Na yanka, na feɗe, na tsaga tumbi.
Ba dusa, ba harawa.
Leda.
Baƙa da fara, ta naɗe kamar gammo,
har da ta ruwan sha, rubutunta bai goge ba.
Na aza a sikeli don in ƙaryata idona,
sikeli ya goyi bayan ido.

Tabawa ba ta yi kuka ba.
Ta ce, “Kuɗin makarantar Lantana nake kiwo,
ashe bola na ɗaure a turke.”

Daren nan tuwo ya ƙi wuce mini.
Wa ke ƙunsa nama a baƙar leda tun hantsi?
Wa ke ce wa yaro, ƙara guda kar ta yi yoyo?
Wuƙata sau ɗaya ta taɓa akuyar,
hannuna ya daɗe yana yanka ta.

Na rataye ƙullin a ƙusar rumfa.
Mai saye ya tambaya, in ba shi labari,
mai toshe hanci ma in ba shi.
Kwana uku, ƙuda suka gaji,
mai unguwa ya sa aka yi shelar gayya.

Asabar, kafin rana ta yi ƙarfi,
ga manjagara, ga shebur, ga baro mai kuka.
Kwalbatin da ya shekara biyar bai yi numfashi ba
ya amayo takalma, ƙafa ɗai-ɗai.
Sallau ɗan gwangwan ya kafa sikelinsa,
ƙarfe ya zama kuɗin shayin matasa.
Mati maƙeri ya kwashi gwangwanaye,
ya ce mu saurari tukunya ran Juma’a.
Toka da kashin awaki suka hau amalanke
zuwa gonar da ke jiran su tun kaka.

Ledar ruwa kuwa, Lantana ta ce a bar mata.
Ita da ƙawayenta suka yanke bakuna,
suka ɗura ƙasa da taki,
kowace leda ƙwaya guda:
zogale, bedi, mangwaro.
Suka jera su bayan masallaci
inda ruwan alwala ke tafiya a banza.

Ba zan yi ƙarya ba.
Iska na nan tana rataya leda a ƙaya,
akwai mai zubar da shara da dare
daga sababbin gidaje masu dogon gini,
mun san motarsa.
Ni ma da na ce a riƙa zuwa da kwano,
mutum huɗu sun koma wurin Tanimu.
Biyu sun dawo.

Jiya shamuwa ta sauka kan tsamiya.
Da la’asar gabas ta haɗe rai,
ruwan fari ya zuba,
na tsaya a rumfa ina kallon kwalbati
yana tafiya da ruwa, ruwa kaɗai,
kamar maƙogwaron da ya warke.

Da safe Tabawa ta zo tana faɗa:
’yar akuyar da muka haɗa kuɗi muka saya mata
ta tsinke igiya,
ta cinye zogale bakwai a bayan masallaci.
Lantana ta ɓata rai.
Ni kuwa dariya har da riƙe ciki.
Na ce, “Gwaggo, ƙyale ta.
Ganye ta ci.”